Daga Fadar Masara zuwa Dutsen Rushmore: yawon da muka yi da Hajiya da yara

Tsakanin Minneapolis, birnin da muke zaune a Amurka, da tsaunukan Black Hills na jihar Dakota ta Kudu akwai tafiyar sama da kilomita 900, kuma galibinta a kan miƙaƙƙiyar hanya guda ake yi, wato babbar hanya mai lamba 90 da ta ratsa jihar daga gabas zuwa yamma. Mahaifiyata Hajiya ce ta jawo tafiyar. Ta zo mana ziyara daga Zariya a daidai lokacin dogon hutun yara, zaman ɗaki da zagayen kantuna suka ishe ta, ta ce ita dai a fita da ita ta ga ƙasa. Ƙasa kuwa ta gan ta: gonakin masara da waken suya iya ganin ido, can kuma bayan an haye kogin Missouri sai fili fetal, ciyawa da shanu, sai ka daɗe kana gudu ba ka ga gida ko ɗaya ba.

Guzuri shi ne abu na farko da ya kamata Musulmi ya tsara. A birnin Sioux Falls akwai shagunan naman halal saboda Somaliyawa da 'yan Sudan da ke zaune a can, amma daga nan in ka nausa yamma abin sai ya yi wuya. Uwargida ta yi dambun nama da soyayyar miya, muka cika kula da ƙanƙara, muka ɗauki ƙaramar tukunyar lantarki ta dafa shinkafa, ga buta ga darduma. Wuraren hutawa na bakin hanya suna da ruwa da ciyawa mai tsabta, a nan muke haɗa azahar da la'asar mu yi ƙasaru. A kula da agogo: bayan an wuce Missouri da ɗan nisa lokaci yana komawa baya da awa guda, kuma a tsakiyar bazara magariba kan wuce ƙarfe takwas da rabi.

A garin Mitchell muka fara yada zango. Muna karya kwana sai auta ta ɗaga murya, "Abba, ga masallaci!" Ba laifinta ba ne, gini ne mai ƙubbobi da hasumiyoyi, sai dai fa zauren wasanni da taro ne da ake kira Fadar Masara. Tun 1892 mutanen garin suka fara irin wannan gini don su nuna wa duniya cewa ƙasarsu tana noma, wanda ke tsaye yanzu kuwa na 1921 ne. Bangonsa na waje duk zane-zane ne da aka yi da masara mai launi iri-iri, ana tsaga ta gida biyu a buga da ƙusa, kuma akan sake sabon zane kusan kowace shekara. Shiga kyauta ne. Hajiya ta daɗe tana duba ƙwayar masarar, ja da baƙa da shuɗiya, ta ce lallai mutanen nan sun ƙoshi, tunda har abinci ya kai su yi wa bango ado da shi.

Tun kafin nan muke ta ganin allunan tallan wani kanti mai suna Wall Drug, allo bayan allo, ɗaruruwan kilomitoci. Wani allon ya ce akwai ruwan sanyi kyauta, wani ya ce kofi na senti 5. Yara suka mayar da ƙirga su wasa, kuma ta haka kantin yake kama iyaye, don kafin ka isa garin Wall an riga an yanke maka shawarar tsayawa daga kujerar baya. Asalinsa ƙaramin kantin magani ne da Ted Hustead da matarsa Dorothy suka saya a 1931, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Ciniki ya ƙi, har sai 1936 da matar ta kawo dabarar kafa alluna a bakin hanya ana tallan ruwan ƙanƙara kyauta ga matafiyan da zafi ya galabaitar. Yau wurin ya cinye kusan layi guda: shagunan tsaraba, gidan abinci, takalman makiyaya, da wani ƙaton zomo mai ƙaho da yara ke hawa a ɗauke su hoto. Ni abin da ya burge ni dabarar kasuwancin ce. Shawarata, kowane yaro a ba shi kuɗinsa a hannu tun a mota, a gaya masa in sun ƙare shi ke nan.

Dutsen Rushmore da safe ya fi kyau, domin fuskokin suna kallon kudu maso gabas ne, hasken hantsi yana sauka a kansu sosai. Ba a biyan kuɗin shiga sai na ajiye mota. Shugabannin Amurka huɗu ne aka sassaƙa: George Washington, Thomas Jefferson, Theodore Roosevelt da Abraham Lincoln, tsawon kowace fuska kamar mita 18. Wani masanin tarihin jihar, Doane Robinson, shi ya fara kawo tunanin a 1923, kuma bai ɓoye manufarsa ba, baƙi yake so su riƙa zuwa jihar su kashe kuɗi. Masassaƙi Gutzon Borglum ya fara aikin a 1927 da ma'aikata kusan 400, galibin dutsen da nakiya aka fasa shi, amma ba a rasa rai ko ɗaya a wurin aikin ba. An fara sassaƙa Jefferson a hannun daman Washington, dutsen wajen ya ƙi, aka tarwatsa shi aka sake a ɗaya ɓangaren. Niyyar Borglum ita ce a sassaƙa su har ƙugu, sai ya rasu a watan Maris na 1941, kuɗi suka yanke, ga yaƙi ya doso, ɗansa ya ɗan gyaggyara aka tsaya a haka. Tarin duwatsun da aka farfasa suna nan zube a ƙasan fuskokin har yau.

Hajiya ba ta cika son abin ba. Ta kalla, ta ce gumaka ne dai, ta ƙara da cewa fuskar da ke jikin Dutsen Zuma a hanyar Abuja ba wanda ya taɓa ta da guduma. Ta sami benci a inuwa ta ciro carbi. Akwai hanyar ƙafa da ke kai mutum har gindin dutsen, amma matakalanta sun haura 400, don haka ba ta dattawa ba ce. Ni da yara muka zagaya. Kallon fuskokin kansa bai ɗaukar rabin awa. Abin da ya riƙe yaran shi ne wani ɗan littafin tambayoyi da jami'an gandun ke ba yara, su cike a ba su bajo, da kuma ɗakin da aka ajiye kayan aikin da ƙaramin samfurin da aka riƙa aunawa ana ninkawa a jikin dutse.

Da a nan muka juya gida, da rabin labari muka ji. Kimanin kilomita 27 daga wurin akwai wani dutsen da ake sassaƙawa tun 1948 kuma har yanzu ba a gama ba, na tunawa da Crazy Horse, jarumin ƙabilar Lakota, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka, da aka kashe a 1877. Wani dattijon Lakota, Henry Standing Bear, shi ya gayyaci masassaƙi Korczak Ziolkowski ya yi aikin, don a san cewa su ma suna da manyansu. Korczak ya rasu a 1982, matarsa Ruth da 'ya'yansu suka ci gaba, aka kammala fuskar a 1998. Tsawonta ya kusa mita 27. Ba sa karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, da kuɗin shiga da gudummawa ake aikin, shi ya sa yake tafiyar hawainiya. Su kansu Lakota ba bakinsu ɗaya ba a kai, akwai masu ganin cewa fasa dutse mai tsarki don girmama mutumin da ya mutu yana kare shi bai dace ba.

A wannan rana na zaunar da iyalin na ba su tarihin ƙasar da muke takawa. A yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 gwamnatin Amurka ta amince cewa waɗannan tsaunuka na Lakota ne. A 1874 ayarin soja ƙarƙashin George Custer ya gano zinariya a cikinsu, masu haƙa suka yi ta kwararowa, a 1877 majalisa ta ƙwace ƙasar. Dutsen da aka sassaƙa shugabannin a kai ma yana da sunansa a wurin Lakota, Kakanni Shida, kafin a laƙaba masa sunan wani lauya daga New York. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa an karɓe ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, ta tabbatar da diyyar sama da dala miliyan 100. Lakota suka ƙi karɓa. Kuɗin suna ajiye suna haihuwa har sun haura dala biliyan 1, alhali yankin Pine Ridge da dubbansu ke zaune yana cikin mafi talauci a Amurka. Babban yarona ya ce shi da shi ne da ya karɓa. Hajiya ta harare shi ta ce, "Kai maigidan nan nawa, ai ranar da ka karɓi kuɗin ka sayar ke nan. Ƙasar gado ba a yi mata farashi." Gardamar tasu ta kai mu har masauki.

Idan ka tambayi yaran me suka fi so a duk tafiyar, ba za su ambaci shugaba ko ɗaya ba. Gandun dajin Custer za su ce, inda ɓaunar Amurka sama da dubu ke kiwo a sake. Garke ya tare mana hanya, muka kashe mota muna kallo, wani ƙato yana goga kafaɗa kusa da madubinmu. Ba a fita daga mota, don duk da nauyinsu sun fi mutum gudu nesa ba kusa ba. Gaba kaɗan kuma jakuna ne masu bara, suna zuro kai ta taga. Hanyar Iron Mountain da ta haɗa gandun da Rushmore tana da ramuka da aka fasa ta cikin dutse, an daidaita su yadda in ka taho daga kudu za ka hango fuskokin ta bakin ramin. Sai dai kwanoninta masu tsanani ne, yaro mai jiri a mota kada a cika masa ciki kafin a shiga.

Deadwood ne ban ga ya cancanci dogon lokaci ga iyali irin namu ba. Gari ne da zinariya ta kafa a 1876, a nan aka harbe ɗan bindigar nan Wild Bill Hickok ranar 2 ga Agustan wannan shekara yana cikin karta, kabarinsa na kan tudu a maƙabartar Mount Moriah kusa da na Calamity Jane, wata mata da ta yi suna a wancan zamanin. Tsofaffin gine-ginen suna da kyau, kuma da bazara ana kwaikwayon harbe-harben da a kan titi, yara suna jin daɗinsa. Amma tun da aka halatta caca a garin a 1989, kusan duk ƙofar da ka leƙa a babban titi injinan caca ne da mashaya. Awa biyu sun isa. Garin Lead da ke maƙwabtaka ya fi mana amfani, inda ake tsayawa a leƙa makeken ramin mahaƙar Homestake, wadda ta nutsa ƙasa kusan mita 2,400 kafin a rufe ta a 2002, yanzu kuma masana kimiyya ke bincike a cikinta. Wanda zai je ya kauce wa farkon Agusta, lokacin da dubban ɗaruruwan masu babura ke taruwa a Sturgis, ɗakin kwana ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu a duk yankin.