Daga Damagaram zuwa Gombe da kariya a buhu

Na taso a Damagaram, a gidan da ba a zubar da ruwan alwala a banza. A gindin lallen da ke tsakar gidanmu kowa yake alwala, kuma da wannan ɗan ruwan kaɗai lallen ya rayu har ya zarce katanga. Duk wanda ya san garin ya san a kan dutse yake zaune, ruwan ƙasa yana da wuyar samu, damina kuwa da ƙyar take cika wata huɗu. Ban taɓa ɗaukar wannan tarbiyya a matsayin ilimi ba sai da na ƙetare iyaka ta Matamaye da Daura, na kwana a Kano, na sauka Gombe wajen kawuna da ya daɗe yana gadi a can.

Na zo da tunanin cewa tunda Hausa ake yi, ba ni da abin koyo, amma tun a makon farko na gane ba haka ba ne. A wajenmu jaka ɗaya sefa 1000 ce, a nan kuwa naira 200 ake nufi, saboda haka sai da na daina ƙirga da dala da jaka kafin cinikina ya daidaita da na mutane. Faransancin da na koya a lakkwal bai amfane ni da komai ba a banki ko a asibiti, kuma tsofaffi da yawa da Fulatanci suke fara gaisawa. Mutanen Gombe sun karɓe ni hannu bibbiyu, ko da yake sunan ɗan Nijar ya bi ni har yau, ni ma ban taɓa ƙin amsa shi ba.

Kawu ya samo mini aikin gadi da ban ruwa a gidan wani Alhaji a sababbin unguwannin da ke wajen hanyar Bauchi. Ruwan famfon Gombe daga madatsar Dadin Kowa yake zuwa, wadda ke kan kogin Gongola, amma gari yana faɗaɗa fiye da yadda bututu ke bin sa, kuma a wannan tudun rijiyar burtsatse sai an yi nisa ƙwarai kafin a tarar da ruwa. Don haka da tanka da 'yan garuwa muka dogara. A gaban gidan akwai shimfiɗar ciyawar kafet da wasu furanni masu laushin ganye, kuma aikina shi ne in shayar da su safe da yamma. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40, nakan juye kura guda ta jarkoki a kan ciyawar nan, kafin la'asar ƙasa ta bushe kamar ba a zuba komai ba, alhali yaran maƙwabta suna wucewa ta ƙofar gida da jarka a ka suna neman na girki. Abin ya riƙa damuna har ya hana ni sukuni.

Wata rana bayan sallar la'asar na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon a ba ni gefen katangar nan ta yamma in gwada shukokin da ba sa shan ruwa da yawa, in ba su yi kyau ba zan mayar da ciyawar da hannuna." Alhaji ya ce, "Malam, jeka ka gwada, Allah ya sa albarka." Da na je ganin gida na dawo da ƙananan itatuwan kariya, shukar nan mai kumburin gindi, guda shida a buhu da damin sandunan aguwa. Hajiya da ta gan su ta ce, "Haba Malam, wannan ai itacen daji ne, a gona ake shinge da shi." Maganarta gaskiya ce, domin haka yawancinmu muka ɗauke su, kuma wannan raini shi ne babban abin da ke hana mu ganin kyawun abin da ƙasarmu ta haifa. Kariyar da muke wucewa a daji ita ce ake sayarwa a tukwane a Turai da Asiya da sunan furen hamada.

A daminar farko na tafka kuskuren da ya koya mini cewa Gombe ba Damagaram ba ce. Na shuka kariyar a cikin ramuka masu faɗi, irin tassa da manoman Tawa ke haƙawa don tare ruwan sama, domin abin da na sani ke nan: duk ɗigon da ya sauka a riƙe shi. To amma ruwan Gombe ya kusa ninka namu, yana farawa tun watan Mayu ya kai Oktoba, kuma a Agusta sai a yi kwana da kwanaki ƙasa ba ta tsane ba. Wata safiya na danna gindin ɗaya daga cikinsu, wanda ya kamata ya yi tauri kamar tulu, sai yatsana ya nutse a ciki, wani ruwa mai wari ya fito. Huɗu daga cikin shida sun ruɓe. Na ɗauki ɗaya na kai wa wani dattijo mai sayar da dashe a bakin titi, ya juya ta a hannunsa ya ce, "Ɗana, wannan ruwanta a cikinta yake, kai kuma ka zaunar da ita a tafki." Shi ya nuna mini in ɗaga ƙasa ta yi tudu kamar kunya, in gauraya ta da yashi da tsakuwa, in bar kumburin gindin a sarari, sannan in na yanke ruɓaɓɓen wuri in bar shi ya bushe a inuwa kwana da yawa kafin in mayar da shi ƙasa. Biyun da suka rage haka aka cece su. Da hunturu ya kama suka zubar da ganye, sai furanni masu ruwan hoda suka rufe rassan tsirara, a daidai lokacin da ƙura ta dusashe komai a unguwar. Hajiya da kanta ta sa aka ɗauke ta hoto a gabansu.

Daga nan aka sakar mini sauran filin, na riƙa cire ciyawar kaɗan-kaɗan. Aguwa ba ta da wahala ko kaɗan, domin sandarta ake yankewa a soke a busasshiyar ƙasa gab da faɗuwar damina, kuma in ana aske ta sai ta yi shinge mai kyan gani. A inuwar katanga na jera moda, wadda ganyenta ke tsaye kamar takobi, tana iya yin makonni ba ta ga ruwa ba, kusa da ita kuma shukar zabuwa mai kaurin ganye. Lalle na sa a bayan tagar ɗakin baƙi saboda ƙamshin furensa da dare. Cikin baƙin shukoki, bugenbiliya ce ta fi burge ni, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, domin ita in an cika mata ruwa ganye take yi, sai an ɗan bar ta da ƙishi take rufe katanga da ja. A inda ruwan indararo ke zaizaye ƙasa na dasa jema, wadda saiwarta ke nutsewa ta riƙe ƙasa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da kwazazzabai suka ci gidaje. Abin da nake gargaɗin kowa a kai shi ne ruwan jikin kariya dafi ne, na tinya, 'yar uwar aguwa, kuma yana iya lalata ido, saboda haka ba na sa su inda yara ke wasa ko inda awaki ke kaiwa.

Yadda ake ba da ruwan ya kai zaɓen shukar muhimmanci. Na daina yayyafi da rana tsaka, na koma zubawa a gindi da sassafe, mai yawa amma jefi-jefi, don saiwa ta bi danshi zuwa ƙasa. Ga sabon dashe nakan ɗauki tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ta ba in binne ta har wuya, in cika ta in rufe bakinta, ruwan ya riƙa tsattsafowa a hankali inda saiwa take. Saman ƙasa kuma ina rufe shi da ɓawon gyaɗa ko tsakuwa, masu buƙatar ruwa kuma ina tara su wuri guda kusa da inda ake alwala da wanke-wanke. Kurar da a da ba ta kwana yanzu tana kai mu mako a tsakiyar bazara.

Baƙin Alhaji ne suka fara tambayar wanda ya yi aikin, a haka na samu gidaje na biyu da na uku, har na kama ɗan fili a bakin titi kusa da dattijon nan, wanda nake kira Baba. Shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2019 ya sa mutane sun ƙara tambayar dashe, ko da yake har yanzu da yawa ciyawar kafet suke fara nema, ni kuma sai na zaunar da su mun yi lissafin jarka kafin su yanke shawara. Da aka rufe iyaka a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, na yi watanni ban je gida ba kuma ba a kawo mini iri ba, sai na dage da ɗaure kwafsar kariya da zare kafin ta fashe iska ta kwashe 'ya'yan. Yanzu duk kariyar da ke filina haifaffiyar Gombe ce, daga biyun nan da suka tsira. Da aka buɗe hanya na kai wa mahaifiyata guda ɗaya a gwangwani, ta tambaye ni ko a gindin lalle za a sa ta, na ce a'a Inna, can nesa da wurin alwala, a kan tudu.