Rinin da ke haska ƙari a ƙwaƙwalwa: yadda muke aiki da shi a ɗakin tiyata

Duk likitan da ya taɓa cire ƙarin da ake kira giliyobilastoma, wata muguwar kansar ƙwaƙwalwa, ya san tsakiyarsa ba ta da wuyar ganewa. Ruɓaɓɓen nama ne, toka-toka, cike da jijiyoyin jini marasa ƙwari waɗanda da an taɓa su sai jini. Wahalar tana gefe-gefe, inda ƙarin ke ƙarewa lafiyayyar ƙwaƙwalwa ta fara. Babu wani layi a wurin. Kamar shuni ne ya ɗiga a farin yadi, yana dusashewa a hankali har ka rasa inda ya tsaya. In ka bar nama da yawa, ciwon ya dawo da wuri. In ka zarce, mutum ya farfaɗo ba ya iya ɗaga hannu, ko ya kasa kiran sunan matarsa.

Ni likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne a Abuja, kuma na daɗe ina dogaro da abin da aka koya mana: ido, da hoton MRI da ke manne a bango, da yadda nama ke amsawa a bakin bututun zuƙa, domin ƙari ya fi saurin biyo bututu. Ko na'urar da ke nuna wa likita hanya a kan hoton ma tana da iyaka. Da zarar an buɗe ƙoƙon kai, ruwan ƙwaƙwalwa ya zuba, ƙwaƙwalwar ta ɗan gusa, to hoton jiya ya daina faɗin gaskiyar yau.

Dabarar amfani da rini don a haska ƙari a lokacin tiyata ba sabuwa ba ce. Tun a 1948 wani likita a Jami'ar Minesota ta Amurka, George Moore, ya wallafa yadda ya yi amfani da wani rini mai walƙiya mai suna fulorasin wajen gano inda ƙari yake a ƙwaƙwalwa. Amma wanda ya farfaɗo da maganar a zamaninmu shi ne Walter Stummer na Jamus, da wani sinadari daban mai suna 5-ALA. Shi wannan sha ake yi, miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin majiyyaci, kamar awa uku kafin a sa shi barci. Ƙwayoyin kansar su haɗiye shi su mayar da shi wani sinadarin da ke yin ja-ja in an haska masa shuɗin haske. A binciken da suka fitar a 2006, an cire dukkan ƙarin da hoto ke nunawa a kashi 65 cikin ɗari na waɗanda aka ba maganin, alhali a waɗanda aka yi wa aiki da farin haske kawai kashi 36 ne. Turai ta amince da shi a 2007, Amurka sai a 2017. Magani ne mai kyau, sai dai tsadarsa ba ta talaka ba ce, ga shi dole a killace majiyyaci daga haske mai ƙarfi na aƙalla kwana guda don kada fatarsa ta ƙone. A rana irin ta Abuja, da ɗakunan jinya masu manyan tagogi, wannan kaɗai aiki ne.

Shi ya sa muka karkata ga fulorasin. Shi ne dai wanda likitocin ido ke yi wa mutane allurarsa don ɗaukar hoton jijiyoyin bayan ido, saboda haka samunsa ba wuya, kuɗinsa kuma ba ya karya gida. Yadda yake aiki ya bambanta da na 5-ALA, kuma wanda bai fahimci bambancin ba zai yi ɓarna. Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai wani shinge da Allah ya yi, wanda ke hana abubuwa da yawa tsallakawa. Mugun ƙari yana fasa wannan shingen, sai rinin ya tsiyaya ta wurin ya taru. Wato fulorasin bai san ƙwayoyin kansar ba, inda shinge ya fashe kawai yake nunawa.

Akwai wani dattijo mai shagon yadi da aka kawo mana, bayan ciwon kai ya daɗe yana damunsa, sai farfaɗiya ta kayar da shi, hannun hagu kuma ya fara yin nauyi. Hoto ya nuna ƙari a ɓangaren dama, dab da yankin da ke sarrafa motsin jiki. Mun auna shi, kilo 70. A ma'aunin miligiram 5 ga kowane kilo, ya kama miligiram 350, wato mililita uku da rabi na ruwan mai ƙarfin kashi goma. Likitar sa barci ta tura masa ta jijiya jim kaɗan bayan ya yi barci, idonta a kan hawan jininsa, maganin gaggawa a zuƙe cikin sirinji a gefe, domin wasu jikinsu kan ƙi rinin, ko da yake ba kasafai ba. Lokacin allurar yana da muhimmanci. In an yi ta a makare, rinin yana nan cike da jijiyoyi sa'ad da ka isa ƙwaƙwalwa, komai sai ya haska, ba ka ƙaru da kome ba. In an yi ta da wuri, kafin ka gama aski da yanka da buɗe ƙashi ya fice daga lafiyayyen nama ya zauna inda ake so.

Da na buɗe tantanin da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, na ce a rage fitilun ɗaki, na danna maɓallin da ke juya madubin tiyata zuwa matacin haske mai ruwan ɗorawa. Ƙwaƙwalwar ta koma ja-ja mai duhu, a tsakiya kuma ga wani fili yana walƙiya, rawaya mai ratsin tsanwa. Sistar da ke miƙo mini kayan aiki tana kallon allon da ke gefe, ta ce, "Likita, ai ga shi nan ya fito da kansa." Haka ne, amma daga nan aikin ke farawa. Ba a zama a haske ɗaya. Sai ka cire kaɗan, ka koma farin haske ka tsayar da jini, ka sake juyawa ka duba. Jini yana rufe walƙiyar gaba ɗaya, ɗan ɗigo kan ɓoye ragowar ƙari a ƙarƙashinsa. Sannan duk inda ka yanka ko ka ƙona, kai ma ka fasa shinge, rini zai iya tsiyaya a wurin ya ruɗe ka, musamman in aiki ya yi tsawo. Shi kansa tantanin waje yana haskawa, kuma ba ƙari ba ne.

Ta gaba da ta ƙasa na bi hasken har ya ƙare, na ga farin nama mai tsabta. Ta baya kuwa, wajen yankin motsi, walƙiya tana nan, siririya. Na tsaya na dube ta da kyau, na bar ta. Na san ƙari ne. Amma wannan ciwo ba ya warkewa da wuƙa ko an cire duk abin da ido ya gani, domin ƙwayoyinsa sun riga sun yi nisa cikin naman da ba ya haskawa. A ganina, babu riba a ƙara wa mutum 'yan makonni yana kwance rabin jikinsa a mace. Wannan ne babban haɗarin rinin ga matashin likita: haske yana kiran hannu, zuciya ta ƙi yarda a rufe kai alhali wani abu yana ƙyalli.

Kafin a kai nan, mun riga mun aika ɗan yanki kamar ƙwayar gero ga likitan gwajin tsoka. Shi kan murje shi tsakanin gilasai biyu, ya rina, ya duba a madubinsa, ya bugo waya muna cikin aiki. Wannan matakin ba na tsallake shi ko da walƙiya ta cika ɗaki. A ƙasarmu tarin fuka kan yi ƙullutu a ƙwaƙwalwa wanda a hoto yake kama da mugun ƙari, ga ƙurji mai mugunya, ga kansar da ta taso daga nono ko huhu. Duk suna fasa shinge, duk za su iya ɗaukar rini. Shi ƙullutun tarin fuka magani ne babban makaminsa, ba ya bukatar ka bi shi da yanka har gefe. A gefe guda kuma, ƙari mai tafiyar hawainiya, wanda bai fasa shinge ba, sau da yawa ba ya haskawa sam. A wasu manyan cibiyoyin waje akwai wata na'ura ta kamfanin Zeiss mai suna Convivo, mai kai kamar alƙalami, wadda ake ɗorawa kan ƙwaƙwalwa ta nuna ƙwayoyin halitta nan take da taimakon wannan rinin, likitan gwaji yana kallo daga ofishinsa. Mu dai har yanzu gilashi da waya ne, kuma suna biyan bukata.

Wani abin da ba ya cikin darasin aji shi ne dangi. Fulorasin ta fitsari yake fita, sai jakar fitsarin majiyyaci ta koma rawaya shar, farin idonsa ma ya ɗan canja na kamar kwana ɗaya. A fatarmu ba a cika lura da shi ba, amma ido ba ya ɓuya. Don haka tun daren jajibiri nakan zaunar da iyali in faɗa musu. Duk da haka, washegarin aikin da safe uwargidan dattijon ta tare ni a bakin ɗaki: "Likita, anya ba shawara ce ta kama Alhaji ba?" Na ce, "Hajiya, rinin nan ne da na gaya muku, zuwa gobe in sha Allahu zai wuce." Alhaji kuwa yana kwance yana motsa yatsun hagu, har ya matse mini hannu.

Hoton da muka sake ɗauka kafin cikar awa 72 ya nuna ɗan siririn layin da na bari, ba wani abu bayan shi. Babban ɗansa ya tambaye ni ko ke nan an rabu da ciwon. Na ce masa a'a. Na bayyana masa cewa tsarin da duniya ke bi tun 2005 shi ne gashi, wato ƙona ragowar ƙarin da hasken na'ura, na mako shida haɗe da ƙwayar temozolomaid, kuma a binciken da ya kafa tsarin, matsakaicin abin da majiyyata suka rayu bai kai wata goma sha biyar ba, ko da yake wasu kan wuce haka. Ya yi shiru, sannan ya ce a rubuta musu takarda. Na rubuta ta zuwa sashen gashi na Asibitin Ƙasa, na ja masa kunne su je su kama layi tun kafin a cire ɗinki.