Riƙon Kafaɗa a Kan Ƙanƙara

Da girmana na koyi zamiya a kan ƙanƙara, ina da 'ya'ya biyu, a wani ƙaramin fili na unguwa a birnin Hamilton da ke lardin Ontariyo a Kanada. 'Yata nake kaiwa darasin CanSkate, shirin da hukumar Skate Canada ta tsara wa masu koyo, sai zaman jira a benci cikin sanyin nan ya ishe ni. Da na ji akwai ajin manya a ɗaya gefen filin, na ba da sunana. Ranar da na gaya wa mahaifiyata ta waya, cewa ta yi, "Ke 'yar nan, abin da ya kai ki ƙasar Turawa ke nan? Ki je ki karye, wa zai duba miki yaran?" Na ce, "Inna, ai da hular kwano muke yi." Ta ce to Allah ya kyauta.

Bayan ƙafata ta ɗan zauna, wata da muke aji ɗaya ta ja ni ƙungiyarsu ta manya masu zamiyar haɗin gwiwa, wadda a nan ake kira sinkiro. Mu goma sha biyu ne, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai malamar makaranta, akwai mai jikoki. Manyan ƙungiyoyin da ke zuwa gasar duniya su goma sha shida suke shiga fili. Wasan dai ɗaya ne: a jeru sahu, a koma da'ira, a koma layi huɗu a tafi tare, a yi juyin fanka, a ratsa juna, duk a kan kiɗa guda da taku guda.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne riƙo, kuma har yau a kansa nake. Mai kallo daga nesa yana ganin mata sun dafa kafaɗun juna, sai ya ɗauka kowace tana tallafe da 'yar'uwarta. Ni ma da wannan tunanin na zo, har ina murna na sami abin dafawa. Kociyarmu kuwa jingina ce abu na farko da ta hana. Ƙa'idarta ita ce, idan wadda kika dafa ta zame daga ƙarƙashin hannunki, hannun ya tsaya a inda yake, kada ya faɗi. Takan sa mu zagaya fili a sahu, hannuwa a miƙe, tafin kowa na shawagi kaɗan a saman kafaɗar ta kusa da ita ba tare da ya taɓa ba, har damatsa su fara zogi. Sai mun iya wannan take barin mu sauke tafin.

Dalilin a ƙarfen takalmin yake. Kaurinsa bai wuce milimita 4 ba, kuma ƙasansa a kwarmine yake, wato kaifi biyu gare shi, na ciki da na waje. Duk wata lanƙwasa da juyi daga karkata jiki kan ɗayan kaifin suke fitowa. Wadda ke tsaye a kan abu siriri haka, in kika ɗora mata nauyin hannunki kin sauya mata kaifi ba da saninta ba, ita kuma ta ja ta gaba, kafin a ankara sahu ya tanƙware. Aikin hannu a wasan nan ji ne. Ta tafin hannu nake sanin maƙwabciyata ta durƙusar da gwiwa, ta ƙara sauri, ko tana shirin juyawa, tun kafin idona ya gani. Ido kuma ba ya kallon ƙasa, can ƙarshen sahu ake kai shi, domin kowace ta daidaita kafaɗarta da ta sauran.

A juyin fanka ne ake gane wadda ta fahimci wannan. Ta tsakiya kusan a tsaye take tana 'yan taku, ta bakin sahu kuwa gudu take iya ƙarfinta don ita ke zagaya da'ira mafi faɗi. In ta tsakiya ta ƙara sauri ko da ƙanƙani ne, kafin ya isa baki ya zama bulala, ta ƙarshe sai dai ta saki ko a yi jifa da ita. Saboda haka na tsakiya su ke kallon na baki suna bin saurinsu. Ni doguwa ce, tsakiya ake sa ni, kuma rabin aikina a nan danne ƙafata ne. Mun taɓa samun wata da ta fi mu duka iya zamiya, tun tana yarinya take yi ita kaɗai, amma ta daɗe tana wahalar da sahu, domin jikinta ya saba bin kiɗa yadda ta ji shi, ba yadda mutum goma sha biyu suka ji shi ba.

Sai ratsawa, wadda ita ce ke sa 'yan kallo riƙe numfashi. Sahu biyu su tunkari juna a guje, a saki hannu, kowace ta bi ta 'yar kafar da ke tsakanin mutum biyu na ɗaya sahun. Wanda ya taɓa ganin mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya san lissafin: taɓarya ba ta jiran ta ga wuri ya buɗe, sauka take a kan lokacinta don ta san 'yar'uwarta ta riga ta tashi. Mai jin tsoro ta rage sauri ita ce ke jawo karo, domin kafar da aka tanadar mata ta wuce. Mu a matakinmu fuska da fuska muke tunkarar juna, a hankali. Manyan ƙungiyoyi da baya suke zuwa, kuma suna juyi a daidai wurin haɗuwar.

Faɗuwa ma da tsarinta. In kin ji za ki tafi, ki saki, kada ki tafi da kowa. Kina kai ƙasa ki dunƙule yatsu, ki tattaro ƙafafu, domin akwai kaifi sama da ashirin na yawo kusa da ke, sannan ki tashi ki nemi gurbinki a guje. Sauran ba sa tsayawa, ba sa waiwaye, gurbin kawai suke bar miki a buɗe. Da farko na ga kamar rashin tausayi ne. Da ni na faɗi a tsakiyar layi huɗu na ga ƙafafu suna kauce mini ɗaya bayan ɗaya, na gode wa Allah da babu wadda ta tsaya taimakona.

Maganar sutura ba ta zame mini matsala kamar yadda na zata ba. Rigar ƙungiya aka ɗinka mini da dogon hannu da wando, na sa ɗan hijabin motsa jiki mai kama kai, kalar rigar. Sharaɗi ɗaya aka kafa mini, kada in sa fil ko allura ko ɗaya. Su ma sauran ba sa sa fil ɗin gashi, domin ɗan ƙarfe guda in ya faɗi a ƙanƙara ya isa ya kayar da mutum. Da zare da allurar roba ake ɗinke musu ƙullin gashi kafin gasa, a shafe shi da man da ke sandarar da shi.

A watan Afrilun 2022 gasar zakarun duniya ta ISU, hukumar wasan zamiya ta duniya, ta zo mana har gida, a babban zauren FirstOntario Centre, daga 7 zuwa 9 ga wata. Shekara biyu ba a yi ta ba saboda korona, ta 2020 da ta 2021 duk an soke. Ƙungiyoyin Rasha ma ba su zo ba, an dakatar da ƙasar bayan ta afka wa Yukiren, alhali Paradise ta birnin Santa Fitasbag ce ta ci gasar ƙarshe da aka yi a 2019. Da aka nemi 'yan sa-kai, kusan duk ƙungiyarmu muka ba da suna. Ni aka sa ni rakiyar ƙungiyoyi daga ɗakin sauya kaya zuwa bakin fili. Azumi bai cika mako da kamawa ba, magariba kuma sai wajen takwas saura, don haka dabinona a aljihun rigar aiki yake, a lungun zauren nake buɗa baki ana ta ihu a sama.

Wannan aikin ya nuna mini abin da tikiti ba ya nunawa. Kafin su sa takalmin zamiya, 'yan wasa sukan bi tsarin wasansu kaf a kan siminti da takalmin gudu, ba kiɗa, suna ƙirga ɗaya zuwa takwas da baki, har ɗaga kai da murmushi a kan ƙirga suke. A lokacin atisaye kuma, da zauren ba kowa, na tsaya a jikin katanga na ji abin da ya fi ba ni mamaki, wato rashin ƙara. Mu in muna tafe, karce-karcen takalmanmu har waje ana ji. Su goma sha shida za su wuce ki da saurin da iskarsa ke kaɗa miki mayafi, amma sautin da ke tashi guda ɗaya ne, siriri, domin kaifi suke hawa sosai kuma tare suke turawa. Na lura da hannuwan 'yan Finlan musamman, na ga yatsu kawai ke kan kafaɗa.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne 'yan jiran ko-ta-kwana. Ƙungiya tana iya zuwa da mutum ashirin, goma sha shida su shiga, huɗu su tsaya a bakin fili. Sun yi kwalliya, an ɗinke musu gashi, sun sa rigar wasa, kuma kowace ta haddace gurbi fiye da ɗaya saboda ba a san wadda za ta ji ciwo ba. Ina tsaye kusa da su ina ganin kafaɗunsu na motsi tare da kiɗan, leɓunansu na ƙirga. Shekara guda ta atisaye, kuma mai yiwuwa ƙafarsu ba za ta taɓa ƙanƙarar gasar ba.

Wasa biyu kowace ƙungiya ke yi, gajere wanda ba ya wuce minti 2 da daƙiƙa 50, da dogo na kimanin minti 4. Akwai masu tantance kowane motsi su ba shi mataki gwargwadon wuyarsa, sannan alƙalai su ƙara ko su rage daga 5 ƙasa zuwa 5 sama bisa yadda aka yi shi, a kuma ba da makin tsari da iya zamiya. Faɗuwar mutum ɗaya ragin maki ce ga kowa. Zauren ya fi karkata ga NEXXICE, 'yan Burlington da ke maƙwabtaka da mu, waɗanda suka ci a Zagreb a 2009 suka kuma ci a wannan zauren a 2015. Amma Les Suprêmes ta Montreal ce ta ɗauki zinare, karon farko a tarihinta, Marigold IceUnity da Helsinki Rockettes, duka daga Finlan, suka bi bayanta. Les Suprêmes ta sake ci a Lake Placid a 2023 da Zagreb a 2024, kafin Rockettes ta karɓe a gida Helsinki a 2025.

Da muka koma namu filin, kociya ta kashe kiɗa na tsawon makonni. Ta ce mu saurari ƙafafunmu, duk wadda ta ji karcen takalminta daban da na sauran ta san ita ce. Muka kuma ɗauki ɗabi'ar bin tsari a kan siminti kafin shiga fili, abin da ya rage mana ɓarnar lokaci, don hayar ƙanƙara da tsada take kuma 'yan hoki sun kwashe lokutan kirki, mu sai goman dare. A gasar manya ta lardi da muka shiga bayan nan ba mu zo na ɗaya ba, amma takardar alƙalai ta nuna ƙari a ratsawarmu, wadda a da kullum ragi take jawo mana.

Wasan bai tsufa ba. Wani mai suna Richard Porter ne ya haɗa ƙungiya ta farko, Hockettes, a Ann Arbor ta jihar Michigan a 1956, suna nishaɗantar da jama'a lokacin hutun wasan hoki na jami'a. Sai a 2000 aka yi gasar duniya ta farko a Minneapolis, Team Surprise ta Suwidin ta ci, ta kuma tara kambu shida kafin a rushe ta a 2018. Ya zuwa gasar Hamilton bai shiga Olamfik ba, ko da yake an nema. Babban cikas shi ne yawan mutane, domin ƙungiya goma kawai ta kai 'yan wasa kusan 200 da za a nema wa masauki, kwamitin Olamfik kuma ƙayyade adadi yake yi. Rashin wannan tambari ne ya sa kuɗi ba sa shigowa, yawancin waɗanda na raka ɗalibai ne ko masu ƙananan ayyuka, iyaye ke ɗaukar nauyin tafiye-tafiyensu.

Don neman shiga ne ISU ta buɗe rukunin 'yan wasa goma sha biyu a matakin manyan ƙungiyoyi. Na fahimci dalilin, kuma ina yi musu fatan alheri, amma ni ban so ba. Mu goma sha biyu ne, na san faɗin kafar da ke tsakanin mutum shida da shida, ana iya wucewa ko da an ɗan kuskure ƙirga. Takwas da takwas a faɗin fili ɗaya ba sa barin wannan sararin, kuma abin da na tsaya a jikin katanga ina kallo ke nan a Hamilton.