Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Carbin Alhaji

Makon jiya mun tsaya ne a inda na ajiye kaki na dawo Kumasi ta ƙasar Gana, na kama ciki da falo a wani gidan haya a Aboabo, na buɗe ɗan shagon katin waya a bakin titi. Shekarar 2007 ce, wadda aka canza kuɗi, sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya. Har yau akwai tsofaffin Zango da ba sa ciniki sai da tsohon lissafi, to balle a lokacin.

Mai gidan da na kama haya, wanda kowa ke kira Alhaji, fataken shanu da goro ne. Hanyarsa Techiman, Kintampo, Tamale, har Bawku. Kafin canjin kuɗi a buhu ake ɗaukar kuɗin shanu, 'yan fashi kuma sun fi kowa sanin ranar kasuwa. An taɓa tare motarsu da tsakar dare, aka kwantar da su rub da ciki a kan kwalta, aka yashe su tas. Daga nan ne ya nemi lasisi ya mallaki ƙaramar bindiga. Ni da nake zaune a gidansa ban taɓa ganin ta ba, sai ranar da ta yi magana.

Bayan Magariba ne, ina lissafin cinikin yini, na ji ƙarar daga cikin gida. Wanda ya yi shekaru yana tsaron ɗakin makamai ba ya rikita ƙarar harsashi da fashewar taya. Ko shagon ban rufe ba na ruga. Na tarar da Alhaji a kishingiɗe kan kujerar falonsa, jallabiya jage-jage da jini, yana ta salati. Harsashin ya ratsa tsokar cinyarsa ta dama, Allah Ya kiyaye bai taɓa ƙashi ko babbar jijiya ba, ya fita ya daki siminti kusa da inda jikansa ke zaune yana cin tuwo. Muka tuɓe masa rigar, na danne raunin da zane mai tsabta na ɗaure, samari suka tsaro tasi. Har aka sa shi a mota magana ɗaya yake maimaitawa: "Wallahi ban taɓa ta ba. Da kanta ta tashi."

Wannan maganar ce ta kusa kashe aure a daren.

Kafin Isha'i tsakar gida ta cika. Wasu na cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wasu na cewa abokan kasuwa ne suka yi masa ture. Uwargida Hajiya ba ta tsaya kewaye-kewaye ba. Ta ce wa ya wanke rigar, wa ya goge ta, wa ya miƙa masa ita da safe? Duk ido ya koma kan amarya, yarinyar da ko shekara ba ta rufa a gidan ba. Tana tsugune a bakin ƙofarta tana kuka, ba mai ce mata kanzil. Mahaifiyar Alhaji, tsohuwa mai ran ƙarfe da muke kira Mma, ta ce gobe da sassafe a mayar da ita gidansu har a ga abin da hali zai yi.

Na durƙusa na ce, "Mma, Allah Ya ƙara miki lafiya, ina rigar take?"

Ashe wata yarinya ta naɗe ta ta kai bayan gida ta jefa a baho za a jiƙa, bindigar tana cikin aljihu. Sai da gabana ya faɗi. Irin wannan bindiga da ta harba take fitar da kwanson ta ɗora wani harsashin da kanta. Wato duk sa'o'in nan yara na kai-kawo kusa da abin da ke ɗane. Na sa kowa ya koma bayana, na yanka aljihun da reza maimakon in zura hannu, na juya bakinta ga tulin yashin da aka sauke na gini. Na zare magazin, wato gidan harsasai, sannan na ja murfin sama baya. Harsashi mai rai ya faɗo ƙasa, ƙwal. Na sake ja, na leƙa maƙogwaronta, na sa ɗan yatsa na tabbatar ba komai.

Sai na ga abin da nake zargi. Carbin Alhaji, mai ƙwaya 99 da igiyar nailan, ya shiga cikin zoben da ya kewaye kunama ya naɗe ta. A aljihun nan har da makullin mota da goro ɓari biyu. Lissafin a fili yake. Bindiga na tsaye a aljihu, baki ƙasa, mariƙi sama. Ya dawo masallaci ya zauna, zaman ya matse ta a jikin cinya. Ya kamo bakin carbi zai yi lazimi, ya ji ya maƙale, ya fizga. Fizgar sama kuwa ita ce daidai hanyar da yatsa ke jan kunama. Alhaji bai yi ƙarya ba, hannunsa bai taɓa ta ba. Amma an ja kunamar.

Na kai wa Mma har gabanta, carbin na rataye yadda na same shi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To Saje, ba shi ya ce mana tana da makulli ba?"

Tambayar tsohuwa ce, amma na sha jin irinta daga bakin masu igiya a kafaɗa. Bindigar Alhaji irin ta zamani ce mai jikin roba, tsarin da ya yaɗu a duniya bayan sojan Ostiriya sun karɓi Glock 17 ta Gaston Glock a 1982. Irin wannan ba ta da maɓallin kullewa a gefe da za ka murɗa da babban yatsa. Tsaronta uku ne, kuma duk a ciki suke. Akwai ɗan harshe siriri a tsakiyar kunama da ke tokare ta, ba za ta motsa baya ba sai an danne shi. Akwai wani ƙarfe da ke tare allurar da ke dukan gindin harsashi, ba ya gushewa sai kunama ta yi tafiya. Na uku yana riƙe allurar ko da bindigar ta faɗi ƙasa. An yi su ne don faɗuwa da girgiza da bugu ta gefe. Ɗan harshen nan kamar ƙofar zaure ce da aka kara ba a sa sakata ba: iska ba za ta buɗe ta ba, amma ba ta tambayar wanda ya turo, mai gida ne ko akuya. Yatsa, carbi, zariyar wando, bakin riga, makulli, duk ɗaya ne a wurinta, muddin abu ya danna tsakiya da nauyin da ya kai kilo 2 da rabi. Kilo 2 da rabi fa, ai ko jaririn goye da ya kamo gemunka ya ja ya fi haka.

Tsofaffin bindigogi kowace da nata tsari. Wadda John Browning ya ƙera sojan Amurka suka karɓa a 1911 tana da maɓallin babban yatsa, tana kuma da wani a bayan mariƙi da sai tafin hannu ya matse shi. Libarba mai juyi ba ta da maɓalli, amma in ba a ɗana gudumarta ba kunamarta kan nemi kilo 5 ko kusa da haka, ga doguwar tafiya. Shi ya sa 'yan sandan New York suka daɗe suna sa a ƙara wa kunamar bindigoginsu nauyi. A ganina duk wannan rage haɗari ne kawai. Na ga wanda ya dogara da maɓalli har ya riƙa wasa da kunama, ranar da maɓallin ya goge a jikin bel ya buɗe bai sani ba.

A shekarun da na yi ina bayar da makami ina karɓa, in aka kawo min labarin bindigar da ta tashi da kanta, na kan ce a zauna a ba ni labarin daga farko a tsanake. Kusan kullum a tsakiyar labarin sai ka tsinci yatsa. Mafi yawa shi ne wanda ya zare magazin ya ɗauka ya gama, ya manta da guda ɗayan da ke maƙogwaro. Wani kuma ya juya tsarin, ya fara jan murfi harsashi ya fita, magazin ya ɗora wani, sannan ya zare magazin yana murna ya sauke. Masu goge bindiga su ne abin tausayi, domin wasu irin sai an ja kunama kafin a kwance su. Don haka ne muke ajiye durom cike da yashi a ƙofar ɗakin makamai, kowa ya sa bakin bindigarsa a ciki kafin ya sauke, komai girman muƙaminsa. Manya ne suka fi jin haushin durom ɗin, kuma ba ƙananan kurata kaɗai suka taɓa huda shi ba.

Akwai kuma wanda mutum zai rantse da Alƙur'ani bai ja ba, kuma iyakar saninsa gaskiya ya faɗa. Wani masanin jijiyoyi, Roger Enoka na Jami'ar Colorado, ya bayyana hanyoyi uku da hannu ke damƙewa ba da izinin mai shi ba: in mutum ya firgita, in ya yi tuntuɓe ko santsi ya kwashe shi, da kuma in ɗaya hannun ya damƙi wani abu da ƙarfi, sai wannan ma ya bi sahu. Ka riƙo kwalar ɓarawo da hagu, dama ta matse. In yatsa na cikin zobe a lokacin, shi ke nan. Haka wanda bindiga ta suɓuce masa ya kai cafka a iska. A bar ta ta faɗi ya fi. Jeff Cooper, tsohon sojan Amurka da ya buɗe makarantar harbi a Arizona a 1976, ya tattara abin a ƙa'idoji huɗu: kowace bindiga a ɗauke ta tana da harsashi, kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya hallakawa ba, yatsa ya zauna a waje har sai ka saita, kuma ka san abin da za ka harba da abin da ke bayansa. Da Alhaji ya sa tasa a kube mai tauri da ya rufe zoben kunama, aljihun kuma ya zama nata ita kaɗai, da ranar nan tuwo kawai za a ci a kwanta.

Ban ce ba a taɓa samun wadda ke tashi ba tare da an ja ba. Tsofaffin libarba da gudumarsu ke kwance kai tsaye a kan harsashi suna harbawa in sun faɗi, shi ya sa mutanen wancan zamani suke barin gurbin da ke ƙarƙashin guduma ba komai, har kamfanin Ruger ya sake tsarin nasa a 1973. Sai kuma ƙirar maƙeran gida da ake yi a ɓoye, waɗanda suka yi yawa a ƙasar nan har suna cikin abin da hukumar kula da ƙananan makamai, wadda aka yi wa doka a shekarar nan ta 2007, take fama da shi. Waɗannan ba abin da ke tare allurarsu, haƙorin da ke riƙe guduma ƙarfe ne mai laushi da ke cinyewa. Waɗanda aka kama aka kawo mana, ko ajiye su a kan tebur da lallami nake yi. Samarinmu da ke sokawa a ƙugu ranar biki ko naɗin sarauta suna harba sama, ba su san abin da suka ɗauko ba, ga shi harsashin da ya tafi sama sai ya dawo.

Limamin unguwa yana wurin duk bayanin nan. Da na gama ya gyara zama ya ce ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa, kuma ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu. Ya tuna musu da aya ta 92 a Suratun Nisa'i, cewa ko kisan kuskure yana da diyya da kaffara. Ya dubi Hajiya ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to ina ga wanda carbi ya ƙaryata. Hajiya ta ja mayafi ta shige ɗaki. Mma ta aika a kira amarya, ta ce ta tashi ta dama kunu a kai wa mijinta asibiti. Iyakar haƙurin da aka ba ta ke nan, kuma a gidan nan ba ƙarami ba ne.

Washegari na je duba shi. Ya ji sauƙi har yana neman goro. Na ba shi labarin carbi, ya rufe ido ya yi dariyar da ta ja masa ciwo, ya ce, "Saje, wato zikiri na tashi yi na harbe kaina?"

Na ce, "Alhaji, Allah Ya tsare gaba. Amma raunin harsashi ba ya ɓoyuwa, za a zo ɗaukar bayani. Gara mu kai bindigar da kanmu tare da takardunta. Ina lasisin yake?"

Dariyar ta ɗauke. Ya ce yana cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, amma in matso kusa. A ƙasar nan duk shekara ake sabunta lasisin bindiga. Ya yi ƙasa da murya ya ce rabonsa da sabuntawa tun kafin ya auri amarya, kuma yana so in yi wa tsofaffin abokan aikina magana.

Amsar da na ba shi, da yadda ta sa aka ba ni notis in tashi daga gidan, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.