Asabar: ranar shakazobar baya

Motar yau ta tsere ce mai rimot, Team Associated B6, girman ɗaya bisa goma na motar gaske, mai ja da ƙafafun baya, a filin jar ƙasa mai gargada. Tun zagayen farko da safe bayanta ke tsalle kamar ɗan akuya, in ta sauko daga tudu ƙasanta ya daki ƙasa, sannan ta karkata hagu. Da yawa da sun ga haka sai su ce sifirin ya yi laushi. Ba a taɓa sifirin sai an duba man cikin shakazoba.

Na cire shakazoba huɗun, na zare sifirin ɗinsu, na danna kowacce da yatsa. Ta hagu a baya ta shige fuu ba turjiya har rabi, da ƙarar kumfa a ciki. Ƙura ta cinye zoben robar da ke riƙe sandar shakazobar, mai ya tsiyaye, iska ta maye gurbinsa. Shi ya sa take karkata gefe guda.

Cika shakazoba aikin haƙuri ne. An sa sababbin zobba biyu, an shafe su da ɗan giris kafin a zura sanda, don zaren bakin sandar yana yanka busasshiyar roba. Kada a kama sandar da filaya tsirara, ƙarzanen da ido ba ya gani ma ya isa ya dawo da yoyo. Sai a zuba man silikon har kusa da baki, a motsa fistin sama da ƙasa a hankali ba tare da ya leƙo saman mai ba, a jingine ta tsaye minti 10 kumfa ya gama fita. A rufe, a kwance ƙaramin sukurun da ke kan murfi, a tura sanda ciki gaba ɗaya rarar mai ta fito, sannan a ɗaure sukurun yayin da sandar ke ciki. Ta hagu da ta dama dole su dawo waje daidai da juna, tsawonsu ma ɗaya. Na farko bai yi ba, sai da na sake.

Mai lamba 30 ne a shakazobar baya a da, na koma 32.5 da ya fi kauri saboda zafin rana yana tsinka shi. Gaba na bar 35. Fistin ban canja ba, huda biyu masu milimita 1.6 a gaba, 1.7 a baya. Ƙaramar huda tana tare dukan saukowa, amma a gargada takan sa motar ta yi ta ƙwanƙwasa.

Tsayin mota daga ƙasa ana auna shi da batir a ciki: a ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, a sake ta ta faɗi, a auna yadda ta zauna. Na saita milimita 23 gaba da baya da zoben da ke murɗawa a saman sifirin. Wannan zoben tsayi kawai yake canjawa, ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi, ko da kuwa an murɗe shi har ƙarshe. Bayan tsayi sai kamba, wato jinginar saman taya zuwa ciki, digiri ɗaya kowace ƙafa. A bi wannan jerin, don in tsayi ya motsa kamba ma ta motsa.

Da la'asar tsallen ya tafi, tana sauka a miƙe. Saura abu ɗaya: a shigar kwana gabanta na turewa waje. Sifirin gaba mai laushi da mataki ɗaya zai iya magance shi, ko rage man gaba zuwa 32.5. Ɗaya zan gwada gobe, sifirin tukuna, zagaye biyar da agogo a hannu.