Dala biliyan 2 a cikin rami: shin wayar intanet ta cancanci kuɗin gwamnati?

A shekarar 2024 ministan sadarwa Bosun Tijani ya sanar da cewa gwamnatin tarayya za ta shimfiɗa wayar faiba, wato wayar zaren gilashi da ke ɗaukar intanet mai sauri, mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin Najeriya, a kan kuɗin da aka ƙiyasta zai kai dala biliyan 2, ƙari a kan kimanin kilomita 35,000 da ake da su. Tun daga lokacin mutane ke tambayar ko ya dace ƙasar da asibitocinta ke kukan rashin magani, wutar lantarkinta kuma ba ta tsayawa, ta binne irin wannan dukiya a cikin rami saboda intanet. Tambayar tana da nauyi, kuma ban yarda da masu yi mata kallon ƙauyanci ba. Duk da haka ina ganin aikin ya cancanci kuɗin gwamnati, amma wani ɓangarensa kaɗai, kuma bisa sharaɗi.

Intanet ɗin da muke amfani da shi ta ƙarƙashin teku yake shigowa, cikin manyan wayoyi da mafi yawansu a Legas suke sauka. Wayar MainOne, wadda Funke Opeke ta jagoranci shimfiɗa ta daga Fotugal, ta fara aiki a 2010, Glo-1 ma a shekarar ta zo, WACS ta biyo baya a 2012, sannan Equiano ta kamfanin Google ta sauka a 2022. Kuɗin 'yan kasuwa ne ya yi wannan duka, domin akwai riba a bakin teku. Matsalar tana farawa ne idan aka juya baya ga tekun aka fuskanci arewa. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, Maiduguri ta fi haka nisa, kuma kowace mita sai an haƙa ta, an saka bututu, an ja waya, an rufe. Kamfani zai yi lissafi ya kai wayarsa Abuja da Kano da Fatakwal, inda yake da tabbacin kuɗinsa zai dawo, amma ba zai kai ta Gwadabawa ko Gubio ba, kuma babu wanda zai zarge shi a kan haka. Turken sadarwar da ke irin waɗannan garuruwa yakan dogara ne da farantin da ke miƙa saƙo ta iska daga turke zuwa turke, wanda abin da yake iya ɗauka kaɗan ne. Shi ya sa mutum zai ga sabis ya cika a wayarsa, amma hoto guda ya ƙi buɗewa da zarar jama'a sun dawo gida bayan magariba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce gwamnati da kanta ta mayar da intanet wajibi. Tun 2015 hukumar JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, rajistar lambar NIN ba ta yiwuwa sai da intanet, kuma a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, an tura jama'a ga tiransifa ko sun shirya ko ba su shirya ba. Duk wanda ya tsaya gaban mai POS a kasuwar ƙauye a wancan lokaci ya san yadda abin yake: ana ɗaga na'urar sama ana neman sabis, takarda ta fito ta ce cinikin bai yiwu ba alhali an cire kuɗin daga asusu, mai buhun masara ya ƙi sakin kayansa, mai saye kuma ya kama hanyar banki a gari mai nisa domin bin sawun kuɗinsa. Hukumar da ta wajabta wa talaka wannan hanya ba ta da bakin cewa shimfiɗa ta almubazzaranci ne.

Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu zai yi. NITEL kamfanin gwamnati ne da ya riƙe harkar tarho shekara da shekaru, har samun layi ya zama sai da sanayya, ya durƙushe, daga ƙarshe aka sayar da kadarorinsa a kan kimanin dala miliyan 252. Tauraron ɗan Adam na NigComSat-1 da aka harba a Mayun 2007 ya daina aiki a Nuwamban 2008. Shirin da aka ƙaddamar a 2020 zamanin ministan sadarwa Isa Ali Pantami ya sa burin kai yaɗuwar intanet mai sauri kashi 70 cikin 100 zuwa 2025, wa'adin ya cika ana kusa da kashi 50 cikin 100.

Ƙasashen da suka fi mu tsari ma sun ɗanɗana. A 2009 gwamnatin Kevin Rudd a Ostiraliya ta kafa kamfanin NBN da niyyar kai faiba har ƙofar mafi yawan gidaje a kan dalar Ostiraliya biliyan 43. Da aka canza gwamnati a 2013 sai sabbin shugabanni suka ce za su rage tsada ta hanyar amfani da tsofaffin wayoyin tagulla na tarho, amma kuɗin ya haura biliyan 50, kuma a 2020 aka sake ware wasu biliyoyin domin komawa a saka faibar da aka ce ta yi tsada. Abin da na fahimta a nan shi ne kai waya gida-gida ne ke cinye kuɗi, kuma aikin da zai wuce wa'adin gwamnati ɗaya yana cikin haɗari idan kowace sabuwa za ta sake zana shi.

Saboda haka ɓangaren da nake goyon baya shi ne babban layi, wato wayar da za ta tashi daga bakin teku ta ratsa jihohi ta isa hedikwatar kowace ƙaramar hukuma daga cikin 774, sannan a ba kowane kamfani haya a kan farashi ɗaya, shi kuma ya ƙarasa zuwa turakunsa da makarantu da asibitoci da kuɗinsa. Gwamnati ba ta da hurumin sayar da data ga jama'a. An ce kamfanin da zai riƙe sabon aikin na haɗin gwiwa ne, kuma hannun jarin gwamnati ba zai kai rabi ba, wanda a takarda tsari ne mai kyau, muddin ba a damƙa shi ga mutum ɗaya ya riƙa yanka farashi yadda ya ga dama ba.

Akwai kuma gyaran da ba ya buƙatar bashin ko sisi, kuma jinkirinsa ne ya fi ba ni takaici. Tun 2013 aka amince jihohi su karɓi naira 145 a kan kowace mita a matsayin kuɗin izinin haƙa, amma da yawa suka ci gaba da karɓar dubbai, kamar Ekiti da ke karɓar naira 4,500 kafin ta sauko a 2020, shekarar da Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Gwamnan da ya mayar da ramin waya hanyar tara haraji yana korar abin da zai kawo wa jiharsa harajin da ya fi wannan. Bayan an shimfiɗa ma ba a tsira ba, domin duk mai bin manyan hanyoyinmu ya saba ganin bututun roba a yayyage gefen titi bayan katafila ta wuce, ma'aikatan kamfani sun tsuguna cikin rana suna haɗa zaren da bai fi silin gashi kauri ba, garuruwan da ke gaba kuwa babu sabis har sai sun gama. A 2024 Shugaba Tinubu ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, amma dokar za ta yi aiki ne ranar da ɗan kwangilar da ya tsinke waya ya biya kuɗin gyaranta.

Masu cewa Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan Adam wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ya raba mu da wahalar haƙa rami, su tambayi farashin farantinsa da kuɗin wata. Yana da amfani ga asibiti ko makaranta a wurin da rashin tsaro ya hana ma'aikata shiga, amma ba zai ɗauki nauyin gari guda a kan kuɗin da mai shayi zai iya biya ba. Kafin a karɓi wani bashi domin wannan aikin, ina son a wallafa taswirar hanyoyin da wayar za ta bi, da farashin haya na kowace jiha, domin mutumin Gusau ya duba ya ga ko abin da za a caje shi daidai yake da na mutumin Ikeja.