Wasiƙa daga Birmingham: tsohuwar bindigar yaƙin Bama da sabon bututunta

Assalamu alaikum, 'yan'uwana na gida. Ina fata kuna lafiya, ku da iyali baki ɗaya.

Na san maganar bindiga ba ta da daɗin ji a wurinmu yanzu. Wanda aka kora daga ƙauyensa a Zamfara ko Katsina ba ya son jin ko sunanta, kuma yana da gaskiya. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma ku yi mini haƙuri, akwai wata tsohuwar bindiga da kakanninmu suka rataya, kuma yadda ake gyaranta a nan ya tsaya mini a rai.

Lee-Enfield ce, mai cin harsashin .303, wadda gidan harsashinta ke ɗaukar 10. Da irinta sojojin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan a dazukan Bama tsakanin 1943 da 1945, lokacin da Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Najeriya. Barikin Dalet na Kaduna da Myohaung na Legas daga filayen wannan yaƙi suka samo sunansu.

Wani abokin aikina mai lasisin 'yan sanda yana da guda ɗaya, samfurin No. 4, ƙirar kamfanin BSA na nan garin. Ta daina saiti. In ya harba, harsashin sai ya bugi allo a kaikaice. Na raka shi wurin wani dattijon maƙerin bindiga. Tsohon ya zare sakatar, ya ɗaga bututun wajen hasken taga, ya ce in leƙa. Ya kamata a ga tsaga-tsagan da ke murɗa harsashi sun fito tsaf. Abin da na gani baƙi ne ƙirin, cike da ƙananan ramuka, wajen gindin ya tsattsage kamar bakin tafki da rani.

Abu biyu ne suka cinye shi. Albarushin zamanin, wanda ake kira kodayit, zafinsa ya yi yawa, yana ƙona ƙarfen daga inda harsashi ke tashi. Sannan sinadarin da ke tayar da wutar yana barin wani gishiri mai jawo laima, laima kuma ta kira tsatsa. Shi ya sa ake sa soja ya ɗura tafasasshen ruwa a bututun bayan harbi. Wanda ya yi kasala sau da yawa, ga sakamakon nan bayan shekara 80.

Abin da ya burge ni shi ne turawan da suka zana ta sun san za ta tsufa, sai suka tanadi magani. Kan sakatar No. 4 kwancewa yake, kuma yana da girma huɗu, daga lamba 0 zuwa 3. In tazarar da ke tsakaninsa da gindin harsashi ta buɗe saboda yawan aiki, sai a sa mai tsawo. Tazarar nan tsakanin inci 0.064 da 0.074 kawai aka yarda ta tsaya. In ta zarce, kwanson harsashin na iya fashewa daf da fuskar mai harbi. Dattijon ya auna da ma'auninsa, ya girgiza kai: ko lamba 3 ba ta isa ba, sai dai a sake bututu.

Nan gardama ta tashi, domin masu tara kayan tarihi ba sa son a taɓa komai. A wurinsu, da zarar an cire bututun asali, darajar ta tafi. Ni ban yarda ba. Sojan Birtaniya da kansa ya riƙa mayar da bindigogin nan masana'anta a sake musu bututu, a buga musu tambarin FTR, alamar an yi musu cikakken gyara a masana'anta, a dawo da su aiki. Ashe canjin ma tarihinta ne. Abokina da dattijon sun tsaya a kan a sa sabo, a adana tsohon tare da ita.

Sai dai aikin bai ƙare a hannun maƙeri ba, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. A titin Banbury na nan Birmingham akwai gidan gwajin bindiga da dokar majalisa ta kafa tun 1813. Duk bindigar da aka sake wa bututu, ba ta halatta a sayar ba sai an kai ta can, ko takwaransa na Landan. Za a duba ta, a ɗura mata harsashin da ƙarfinsa ya fi na kullum, a harba ba tare da mutum ya riƙe ta ba, a sake aunawa. In ta jure, a nan Birmingham sai a buga mata kambi da haruffan BNP, shaidar ta ci gwajin. Komai ƙwarewar maƙeri, bakinsa kaɗai ba shaida ba ne.

Ina tsaye a shagon nan, maharbanmu nake tunawa, da masu buga bindigar sarki ranar hawan sallah. Wanenmu bai taɓa jin adaka ta fashe ta tafi da yatsun mai ita ba? Maƙeranmu ba basira suka rasa ba. Wurin gwaji ne babu, sai hannun ɗan Adam ya zama wurin gwajin. Muna da masana'antar makamai ta DICON a Kaduna tun 1964, muna da sarakunan maƙera da sarakunan baka a masarautunmu. Roƙona ga iyayen ƙasa, Allah Ya ja zamaninku, a haɗa waɗannan da hukuma, a riƙa duba bindigogin hawa da na farauta masu lasisi kafin kowace sallah, wadda ta gaza a ajiye ta.

A gaida kowa da kowa. Sai wasiƙa ta gaba, in Allah Ya kai mu.

Naku,
ɗan'uwanku a Birmingham